Ruwan da Ya Ci Garkar Dijatu

A shekarar da sojoji suka sauke zaɓaɓɓun magadan gari suka ɗora nasu mutane, akwai wani dubagari mai suna Magagi a wani gari na ƙasar Kurfai, ba nisa da Filinge.

Aikinsa kula da tsabtar gari, a ƙarƙashin meri, wato ofishin magajin gari. Shi ke duba naman mahauta, da rijiyoyi, da tukwanen masu abinci a tasha, da kuma kanibo, doguwar magudanar siminti da ke kwashe ruwan sama daga kasuwa, ta ratsa unguwanni, ta zubar a fadama.

Magagi ba ya karɓar na goro, wannan ko wanda ba ya son sa ya shaide shi. Rigarsa kullum a goge, babur ɗinsa kullum a wanke. Abu guda ne ba ya iya yi: ya faɗi magana gaban jama'a, sannan ya dawo ya ce ba haka ba ne.

Yana da taubashiya mai suna Dijatu, ɗiyar kawunsa. Tun suna yara ba a taɓa jin sun yi magana ta hankali ba. Ita tana kiransa bawanta, shi yana kiranta baiwarsa, kuma har suka girma suka tara iyali ba wanda ya raba musu wannan gardama.

Ranar da ya kama aiki, ta je biro ɗinsa, wato ofishinsa, ta gargaɗi abokan aikinsa su riƙa sa ido kan kujerunsu. Da ta ji suna ce masa Mushe Magagi, kamar yadda ake kiran ma'aikata, sai ta ce ai an yi daidai, an sa mushe duba mushe. Shi kuma yana gaya wa duk wanda ya tambaya cewa miyarta ce ta kori mijinta Musa har Kwatano.

Dokar wannan wasa kowa ya san ta. Komai aka faɗa, ba a fushi, ba a kai ƙara.

Musa dai yana Kwatano yawancin shekara, kuma abin da yake aikowa ba kullum yake isa ba. Abin da ke riƙe da gidan garkar Dijatu ce. Tana bakin fadama, daidai inda kanibo ya ƙare. Akwai zogale layi-layi, da salati, da shu, wato kabeji, da albasa, da ƴan itatuwan lemun tsami da ta dasa da hannunta suka fara ba da ƴaƴa. A tsakiya akwai rijiya marar zurfi, domin a wannan kwari ruwa ba ya nisa da ƙasa. Da guga take ban ruwa, safe da yamma.

Cikin wannan shekara wani kamfani ya gina gida a gefen gari, kusa da hanyar mota inda aka binne wayar intanet. Gidan ba shi da taga ko ɗaya. A ciki akwai na'urori jere cikin dogayen akwatunan ƙarfe, aikinsu ajiye bayanai: takardun haihuwa, hotuna, saƙonnin waya, duk abubuwan da mutane ke zaton a iska suke zaune.

Na'urorin ba sa hutawa, kuma suna zafi. Sai aka haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a bayan gidan, aka sa ruwansa yana zagayawa cikin tiyo yana ɗauke zafin, ya hau kan rufi manyan fankoki su huce shi, ya sake komawa.

Mutanen gari suka sa wa wurin suna gidan sanyi.

Ruwan da ke irin wannan zagaye, iska tana shanye wani kaso nasa kullum. Wanda ya rage sai ya yi ta tara kanwa da gishirin da dama suke cikin ruwan kwarin, ga kuma maganin da ake zubawa don hana gansakuka da tsatsa. Lokaci-lokaci dole a zubar da shi a sa sabo.

Doka ta ce irin wannan ruwa ba ya shiga magudanar gari sai an tara shi a ramin siminti, an ɗebi kwalba an kai gwaji Yamai, dubagari ya ga sakamako ya yarda.

Injiniyan da ke riƙe da gidan, wani mutumin Yamai mai suna Issa, bai ɓoye komai ba. Ya kira Magagi ya zagaya da shi, ya zaunar da shi cikin sanyin da bai taɓa jin irinsa ba a tsakiyar bazara, sannan ya kai shi bakin tiyon da ke baya ya buɗe.

Ruwa ya fito garau, kamar daga sabuwar randa.

"Shef, ga shi," in ji Issa, yana kiransa yadda ake kiran shugaba. "Ramin ba mu haƙa ba tukuna. Manyana a Yamai ba za su saki aikin ba sai meri ta ce dole ne. In ka ce a haƙa, za a haƙa, amma buɗe gidan zai ja baya."

Magagi ya tara hannu, ya sansana, ya wanke fuska. Babu wari, babu launi. Shekarunsa na aiki sun koya masa cewa mugun ruwa yana da kama: ruwan majema, ruwan marina, ruwan mayanka. Wannan bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Washegari aka yi taro a meri. Kapiten ɗin da aka naɗa ya riƙe garin mutum ne mai gajeren zance, kuma an riga an sanar da shi ranar da manya za su zo buɗe gidan. Ya dubi dubagari gaban masu unguwanni da limamai.

"Batun ruwan nan, akwai matsala?"

Magagi ya miƙe tsaye. "Babu, mon kapiten. Na duba da kaina. Ruwan sanyi na, ya hi na rijiyoyinmu tsabta."

Aka wuce zuwa zancen rumfunan kasuwa. Babu kwalbar da ta je Yamai.

Da damina ba wanda ya lura da komai, ruwan sama yana wanke duk abin da ya shiga kanibo. Sai da kaka ta wuce, lokacin da magudanar ta saba bushewa ta cika da leda, aka ga tana gudana. Ruwa fari tas yana bin siminti a hankali, yana ratsa unguwanni, yana sauka fadama.

Wata safiya Magagi ya tsayar da babur a bakin shingen garka.

"Ke baiwa! Hito ki gode ma ubangidanki."

Dijatu ta ɗago daga bakin rijiya, igiya na hannunta. "Wa ya kwance bawan ga da sahe? Mi kake nema, ɗumame?"

"Ruwa na kawo miki hal bakin shinge. Aje gugan ga, bayanki shi huta. In ba ni ba, wa za ya yi miki haka?"

Ta leƙa ta dubi ruwan. "Lahiya shike?"

"Ni na duba shi."

"Ai shi na abin tsoron."

Suka yi dariya. Amma da yamma ta ɗauki fartanya ta ja hanya daga bakin kanibo zuwa kwamin salati. Wanda ya taɓa jan guga daga asuba zuwa hantsi ba zai tambayi dalili ba.

Makonnin farko garkar ta yi kyau. Salati ya tashi kore shar, matan da ke da garake can ƙasan fadama suna wucewa suna cewa Dijatu ta yi sa'ar bawa.

Sai wani farin zare ya fara fitowa a gefen kwamin, kamar an barbaɗa gari. Bakin ganyen salati ya soma ƙonewa. Albasa ta tsaya, ba ta mutu ba, ba ta girma ba. Ƙasa ta yi ɓawon da ruwa ke kwanciya a kai ba ya shiga.

Dijatu ba ta jira kowa ba. Ta toshe hanyar da ta ja, ta koma ga gugarta.

Sai dai kanibo a bakin shingenta ya ƙare, kuma ba ita ke da makullinsa ba. Ruwan ya taru ya kwanta a jikin shingen, ƙasa tana sha a hankali. Ba a daɗe ba ta ɗanɗana ruwan rijiyarta ta ji kanwa a harshe.

Ta same shi ranar kasuwa, yana duba teburin masu kifi.

"Bawa, ruwan naka ya toye min salati. Dama na san abin da ka taɓa ba shi albarka."

"Salatinki huskarki ya gani da sahe, shi ya ƙone," in ji Magagi, bai ko juyo ba.

Masu kifi suka fashe da dariya. Ita ma ta yi.

Da wani ma'aikaci ne, da ta yi sallama, ta zauna, ta faɗi damuwarta daga farko har ƙarshe. Da Magagi ba ta san ta inda ake fara irin wannan magana ba. Harshe ɗaya suke da shi tsakaninsu, kuma a cikinsa komai nauyin abu sai ya fito da siffar tsokana.

Bayan ƴan kwanaki ta kai kwano gidansa da kanta, ta miƙa wa matarsa Safi. Kwaɗon zogale ne da ƙuliƙuli, daga ganyen garkarta. A gefe, cikin ƙyalle, ta ƙulle ɗan dunƙulen ƙasa mai farin ɓawo.

"Ki ce ma bawan ga wanga na miyarshi, wanga kuma gishirin. Shi ya aiko min da shi, na maido mishi kayanshi."

Safi ta isar da saƙon tana dariya. Magagi ya ci loma ɗaya. Ganyen ya yi tauri, ga wani ɗaci da ba na zogale ba. Ya kwance ƙyallen, ya murje ƙasar da yatsa, ya kai baki.

Bayan la'asar ya hau babur shi kaɗai ya bi kanibo tun daga bayan gidan sanyi. A jikin simintin, daidai inda ruwan ke tsayawa, akwai farin layi da bai yanke ba. Ya bi shi ta bayan kasuwa, ta unguwar maƙera, har fadama. Daga nesa ya hango Dijatu tana sunkuye tana tuge matattun albasa. Bai ƙarasa ba.

Daga wannan rana Magagi ya sani.

Ya kuma san abin da gyara ke bukata. Sai ya shiga wurin Kapiten ya ce kwalba ba ta je Yamai ba. Sai masu unguwannin da suka ji ya ce ya duba da kansa sun ji cewa da ido da hanci ya duba. Ya auna wannan a ransa, ya ga ya yi nauyi. Sai ya gaya wa kansa cewa damina tana zuwa, za ta wanke ƙasar, kafin nan zai sami Issa a keɓe su shirya abin ba tare da kowa ya ji ba.

Har ya je gidan sanyi sau ɗaya da wannan niyya. Mai gadi ya ƙame masa, Issa ya tarye shi da "Shef, shef," aka kawo masa kujera cikin sanyi. Ya tambayi lafiyar mutanen Yamai, ya yaba da tsabtar wurin, ya tashi ya tafi.

Lokacin da lemun tsami suka fara zubar da ganye, Dijatu ta sa zanenta na fita unguwa ta tafi meri.

Biro ɗin Magagi cike yake da mahauta masu jiran a je a duba musu nama. Suna ganin ta suka gyara zama, don duk garin an san idan waɗannan biyu suka haɗu akwai abin ji.

Ta tsaya gaban teburinsa. Ba murmushi a fuskarta.

"Magagi, wurinka na zo."

Ya ɗago. Bai tuna ranar da ta taɓa kiran sunansa haka ba.

"Lemuna sun hwara zubda ganye. Rijiya ta lalace, ko akuya ba ta sha. Ka sa su tsai da ruwan ga. Kai ka iya."

Mahauta suna jiran inda zancen zai juya ya zama abin dariya. Wani daga cikinsu ya kasa haƙuri ya ce, "Mushe, uwargijiyarka ta ba da oda, sai ka tashi."

Magagi yana kallon fuskarta. Ya ga idanunta, ya ga hannuwanta da kanwa ta tsattsaga. Ba a ɓoye masa komai ba. Ya kuma ga mahauta, waɗanda gobe za su kai duk abin da ya faɗa kowace rumfa ta kasuwa.

Sai ya jingina da kujera.

"Kun gani ko? Baiwa ta gaji da noma, tana neman wanda za ta ɗora ma lalacinta. Ku ba ta wuƙa ta taya ku hiɗa, ko ta samu na goro."

Dariya ta cika biro. Dijatu ta tsaya har ta lafa. Wasa yana bukatar a mayar da amsa, in ba haka ba an nuna fushi, sai ta mayar.

"Allah shi shirye ka, bawan banza."

Ta juya ta fita. Mahauta suka ce yau Mushe ne ya ci.

Maƙwabciyarta Hadiza ta same ta a garka tana zaune kan bakin rijiya, ba ta aikin komai.

"Ke Dijatu, Kapiten na nan. An ce ba shi son wasa da aiki. Tahi ki hwaɗa mishi."

"In kai ɗan gwaggona gaban soja?"

"Shi ya tuna ke ɗiyar kawunshi ta?"

"In anka kore shi, Safi da yara mi za su ci? Ranar suna, ranar mutuwa, da wace huska za ni shiga gidansu? A ce ɗiyar wane ta yi hushi da taubashi hal ta kai shi ƙara?"

"To ki zauna da huskarki, garka ta tahi."

Hadiza ta ɗauki tulunta ta wuce.

Ruwa kuwa bai tsaya ba. Da ƙasar Dijatu ta ƙoshi, sai ya gangara garka ta gaba. Mai ita wani mutumin garin Damana ne mai suna Garba, wanda ya zo garin neman wurin noma. Ba shi da kawu a nan, ba shi da gwaggo, ba wanda yake wasa da shi.

Ranar da ya ga farin ɓawo a kwamin albasarsa, ya cika jarka da ruwan rijiyarsa, ya tuge albasar ya zuba a kwando, ya ɗauka a ka. Bai bi ta biro ɗin dubagari ba. Ya ajiye kayan a ƙofar Kapiten ya zauna a ƙasa har aka kira shi.

A ranar aka rufe tiyon gidan sanyi. A cikin makon kwalba ta tafi Yamai. Da sakamako ya dawo, gishiri da magani sun wuce abin da doka ta yarda da shi nesa ba kusa ba.

Kapiten ya tara su: Magagi, Issa, Garba, da masu unguwanni.

Issa ya faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Ya ce ya nuna ruwan, ya ce babu rami, ya ce in meri ta umarta za a haƙa, kuma meri ba ta umarta ba.

Magagi ya ce ruwan ya fito garau, ido ne ya yaudare shi.

"Wannan na ji," in ji Kapiten. "Kuskuren farko kowa na iya yi, za ka sami gargaɗi a kansa. Abin da nake son sani daban ne. Bayan ruwan ya fara ɓarna, akwai wanda ya gaya maka? In an gaya maka ka zauna, yau za ka ajiye makullin biro."

"Ba wanda ya kawo ƙara, mon kapiten."

Garba ya ɗaga hannu. "Ranka shi daɗe, ni na biyu na. Akwai mai garka gabana, tata ta riga tawa ƙonewa da nisa. A tambaye ta."

Aka aika a kira Dijatu. Ta zo yadda aka same ta, ƙafafunta da farar ƙasa. Ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ba ta dubi inda Magagi yake ba.

"Ke ce mai garkar farko?"

"Ni ta."

"Kin taɓa gaya wa dubagari cewa ruwan nan yana kashe miki shuka?"

Masu unguwanni suka sunkuyar da kai. Wasu daga cikinsu sun ji labarin biro daga bakin mahauta. Magagi yana tsaye, rigarsa a goge.

"Ranka shi daɗe," in ji Dijatu, "taubashina na. Duk abin da ke tsakanina da shi wasa na."

Kapiten ya dube ta, ya dubi Magagi. Shi ma yana da taubasai a garinsu, ya san abin da ake faɗa a irin wannan wasa ba ya zama shaida. Ya yi ɗan murmushi, na farko tun da aka fara zaman.

"To, na gane. Je ki."

Aka ba Magagi gargaɗi. Aka umarci kamfani ya haƙa ramin siminti, kada ɗigo ɗaya ya sake shiga kanibo sai da gwaji. Kamfanin ya haƙa wa Garba sabuwar rijiya can nesa da bakin magudana, ya ba shi iri, albasarsa ta gaba ta yi.

Malamin gona da aka turo ya duba garkar Dijatu ya tona ƙasa har gwiwa, ya ce gishiri ya sauka ƙasa sosai. Ya ce sai damina da yawa sun bi ta kai kafin wani abu ya sake tsirowa. Lemun tsamin kuwa sun riga sun bushe har saiwa. Da an rufe tiyon tun lokacin da ganyensu ya fara zuba, in ji shi, da sun tsira.

Dijatu ta sare zogalen ta yi itacen girki. Ta aika wa wanta da ke Baleyara cewa ya nema mata wuri a kasuwa, za ta riƙa sarin kayan miya na wasu tana sayarwa.

Magagi ya ci gaba da aiki. Yanzu kwalba tana zuwa Yamai a kan lokaci, kuma ba ya sa hannu sai ya karanta sakamako. Bai je gidanta ba. Sau da yawa ya yi niyya, sai ya rasa da wace magana zai shiga.

Ana gobe za ta tafi, aka yi suna a gidan wani ɗan'uwansu. Tsakar gida cike da dangi, mata a tabarmi ta gefen madafa, maza suna shigowa gaisuwa. Magagi ya shigo ya hango ta zaune tana tsinke ganye a faranti. Ya ga dama ta samu a gaban kowa, ta hanyar da ya sani. Ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Ke baiwa! Kin ga ubangidanki ya shigo kina zaune?"

Mata suka juyo da dariya a shirye.

Dijatu ta ajiye farantin. Ta gyara mayafinta, ta taso, ta zo gabansa ta rusuna kamar yadda ake yi wa babban baƙo.

"Ina kwana, Malam Magagi."

Ya tsaya. "Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina aiki?"

"Da godiya."

"Ina Safi da yara?"

"Suna lahiya."

"Madalla. Allah shi taimaka."

Ta miƙe, ta koma tabarmarta, ta ɗauki farantinta. Ba wanda ya yi dariya. Gwaggonta, mahaifiyar Magagi, da ke zaune a ƙofar ɗaki, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da safe Dijatu ta shiga motar Baleyara.

Darasi: Ba duk maganar da ta zo cikin dariya ce wasa ba, wani ba shi da wata hanyar gaya maka ciwonsa sai ita. Idan an ba ka amanar duba abu, duba shi yadda doka ta ce, kuma ranar da ka gane ka yi kuskure ka faɗa, tun abin da zai lalace bai lalace ba. Wanda ya fi jin kunyarka shi girman kanka ke fara cutarwa. Tura wannan labari ga duk wanda ke riƙe da aikin jama'a, da duk wanda yake da taubashi.